Jinin Mai Shayi

A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani abu da ya faru a gidanmu. Mun daɗe muna jinkirin rubuta shi, gama akwai abin kunya a cikinsa a wajenmu. Amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In har labarin zai amfani ko gida ɗaya, to, kunyar ba ta zama banza ba.

Aikinmu koyarwa ne a makarantar firamare ta ikkilisiyarmu, kusan shekara 20 ke nan. Ba mu san iyakar sau nawa muka tsaya gaban allo muka gaya wa yara cewa Allah mai tanadi ne ba. Mun koya musu labarin Yusufu da rumbunan Masar, da labarin hankakin da suka kai wa Iliya abinci. Yara suka haddace, suka ci jarrabawa. Ashe malamin da kansa bai gane darasin ba tukuna, sai da wani mai shayi ya koya masa da tsakar dare.

Rumbun Baba

Kafin mu kai ga wannan dare, dole mu koma baya zuwa gidan da aka haife mu. Mahaifinmu mai bishara ne a wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Malumfashi. Ba shi da albashin kirki. Abin da yake samu shi ne dammunan dawa da gero da 'yan ikkilisiya ke kawowa da kaka, sai kuma abin da 'yar gonarsa ta bayar.

Manyanmu suna tune da shekarun 1983 da 1984. Ruwa ya ɗauke, shuka ta bushe a tsaye, ciwon bushiya kuma ya kashe shanu masu yawan gaske. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta canja kuɗi, ta rufe kan iyakar ƙasa, ba a buɗe ba sai a 1986. Mutanen Nijar sun sha wuya ƙwarai, har suka sa wa yunwar suna El-Buhari. Da yawa suka bar gidajensu, suka biyo hanyoyin daji zuwa kudu suna neman abin sawa a baka.

Muna da shekara 4 a lokacin, saboda haka abin da za mu faɗa daga bakin Inna muka ji shi. Wata rana da yamma wata mace ta tsaya a ƙofar gidanmu da yaro ɗan shekara kamar 10. Daga wajen Dakoro suka fito. Ba ta yi bara ba, ruwa kaɗai ta roƙa. Baba ya dubi ƙafafun yaron duk sun faffashe, sai ya ce da Inna ta share ɗakin da ake ajiye kayan noma.

Inna ba ta yarda ba. Ta kai Baba bakin rumbu ta ce ya leƙa. Ta ce, “Maigida, mu 7 ne a gidan nan. Abin da ke ciki ba zai kai mu damina ba, balle kaka. Ka ba su tuwon dare su wuce.” Baba ya ce, “Na gani. A ƙara ruwa a kunu.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Baƙin suka zauna da mu kusan wata 10. Abinci ya koma sau ɗaya a yini. An ci tafasa da rama da dusa. Inna ta sayar da akuyarta da tasoshin aurenta. Ba za mu ce muku hatsi ya ƙaru a rumbu ta hanyar al'ajibi ba, gama bai ƙaru ba, ƙarewa ya yi. Amma ba wanda ya mutu a gidan. Da kakar 1985 ta yi kyau, matar ta ɗaure kayanta, ta yi godiya, suka kama hanyar arewa. Daga ranar ba mu sake jin labarinsu ba. Baba ya rasu bai ƙara ganinsu ba. Inna kuwa, duk lokacin da aka tuna zancen, takan ce, “Babanku ya kusa kashe mu da alheri.”

Daren watan Agusta

A shekarar 2016 iyalinmu tana da cikin 'yarmu ta uku. Tun a wajen awo wata ma'aikaciyar asibiti ta aika a kira mu. Ta ce, “Malam, jinin matarka irin wanda ake kira O negatif ne. Masu irinsa kaɗan ne ƙwarai, kuma ba a iya ƙara mata wani iri sai shi. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu masu irinsa tun yanzu, ka san inda suke, saboda tsaro.”

Ga abin kunyar. Muka yi mata godiya, muka fito, muka ce a ranmu, ai haihuwa biyu ta yi lafiya lau. Da iyalinmu ta tuna mana bayan mako biyu, muka amsa mata da muryar da muke koyarwa da ita a aji, muka ce, “Ina bangaskiyarki? Allah zai tanada.” Ta yi shiru. Gaskiyar magana ita ce ƙyuya ce ta hana mu, da kuma jin nauyin zuwa gidajen mutane muna tambayar jininsu. Muka ɗauki sunan Allah muka lulluɓe ƙyuyarmu da shi.

Naƙuda ta tashi wata ranar Talata cikin watan Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka kai ta babban asibitin garin da ke kusa da mu. Wajen ƙarfe 11 na dare ta haifi 'ya mace. Muna cikin murna a baranda sai muka ga ma'aikata suna shiga da fita da sauri. Likita ya fito ya ce mahaifa ta ƙi tsukewa bayan haihuwa, jini yana zuba, sun yi abin da za su yi ya tsaya, amma ta riga ta zubar da mai yawa. Ana bukatar leda 2. Akwai ɗaya a ajiye, an sa mata. Ta biyun kuwa sai mu nemo.

Aka gwada namu, bai yi daidai ba. Muka buga waya, Fasto ya tashi mutane. 'Yan'uwa 9 suka zo a kan babur cikin ruwan nan, har da shugabar zumuntar mata da wani dattijo mai shekara 70 wanda aka ce masa ya zauna kawai. Allah ya sāka musu. Aka gwada su ɗaya bayan ɗaya, ba ko ɗaya da ya dace. Fasto ya tara mu a gefen baranda ana addu'a, amma bakinmu ya kasa buɗewa. Maganar da muka faɗa wa iyalinmu ce take ta dawo mana a kunne.

Wajen ƙarfe 2 mai gadin asibitin, wanda ya daɗe yana kallonmu, ya matso ya ce, “Malam, wane iri ake nema?” Muka gaya masa. Ya ce, “Ku je bakin ƙofa ku ta da mai shayi.”

Mun sha wucewa ta gaban teburin mutumin nan duk lokacin da muka kawo iyalinmu awo. Ba mu taɓa yi masa sallama ba. Muka same shi kwance a kan benci ƙarƙashin rumfarsa, ya lulluɓa da bargo. Muka tashe shi muna ta ba da haƙuri. Bai tambaye mu ko mu su wane ne ba, bai tambayi addininmu ba. Ya ce, “Mace ce?” Muka ce i. Ya sa takalmansa ya wuce gaba, ya nufi ɗakin gwajin jini kamar mai shiga gidansa. Ma'aikatan suka gaishe shi da suna. Aka gwada, aka ɗiba, aka sa mata. Kafin kiran asuba likita ya fito ya ce hatsari ya wuce.

Muka bi mutumin zuwa rumfarsa, muka fito da duk abin da ke aljihunmu muka miƙa masa. Ya ture hannunmu ya ce, “Haba Malam, ana sayar da jini? Ni ma ban saya ba.” Ya hura wuta, ya dafa wa kansa shayi mai kauri, ya dafa wa dukanmu da muka jiƙe. Da muka gama sha ya ce, “To, kuɗin shayi dai a biya, wannan sana'a ce.” A nan ne muka yi dariya ta fari a wannan dare.

Tambayoyin Inna

Bayan kwana biyu Inna ta zo daga ƙauye ganin jikarta. Da ta ji labari ta ce lalle a kai ta ta gode masa. Suna gaisawa ta ji harshensa, ta ce, “Ɗana, daga ina?” Ya ce daga ƙasar Tanut, arewa da Damagaram. Ta tambaye shi abin da ya sa yake ba da jininsa ga mutanen da bai sani ba.

Ya ajiye butar da ke hannunsa ya ce, “Inna, shekarar El-Buhari ina yaro, uwata ta taho da mu da ƙafa. Ƙanwata ta rasu a hanya. Muka iso wani ƙauye, wani gida suka karɓe mu. Ba irin sallarmu suke yi ba, ran Lahadi suke taruwa suna waƙa. Su ma ba su da shi, amma abin da 'ya'yansu suka ci shi na ci, har kaka ta yi.”

Muka ga jikin Inna yana rawa. Mu ma gabanmu ya faɗi. Ta shiga yi masa tambaya. Yaya sunan ƙauyen? Akwai babbar kuka a bayan gidan? Maigidan dogo ne, mai tsage a kumatu? Ya nuna mata ƙafarsa ta hagu, ko akwai tabon ƙuna? Ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya. Ba kuka, ba tabo. Maigidan gajere ne. Ƙauyen kuma can kudancin Kano yake, wajen Sumaila. Ba shi ba ne.

Ya ci gaba ya ce, “Da na girma na koma neman gidan, ban gane shi ba. Shekarun baya na kawo wani ɗan'uwana nan gidan likita, aka gwada ni, aka ce jinina mai wuyar samu ne. Sai na ce, to, tun da ban sami mutanen nan ba, duk wanda ya zo nema, ɗan gidan ne.”

Inna ta daɗe ba ta ce kome ba. Can ta share ido da bakin mayafinta ta ce, “Ashe namu yaron ma yana can wani wuri yana biyan wani.” A hanyar komawa ɗakin masu haihuwa ta ƙara da cewa, “Shekara 30 ina ganin laifin babanku.”

Adashi da tabarma

Za mu faɗa muku gaskiya, 'yan'uwa, ba mu ji daɗin amsar mai shayi ba da farko. Mun so a ce shi ne yaron da Baba ya ciyar. Da labarin ya yi daɗin faɗa a majami'a ran Lahadi. Har zuciya ta raɗa mana mu ɗan gyara shi, wa zai bincika? Mun gode Allah da ya tsare bakinmu, gama da mun gyara, da mun zubar da darasin.

In da shi ne yaron, da mun ɗauka alheri adashi ne: ka zuba, kwananka ya zagayo, ka ɗauka daidai abin da ka zuba. Da mun koya wa yara su yi kirki domin a biya su. Amma abin da Allah ya nuna mana ya fi kama da saƙar tabarma. Ku dubi mai saƙa da kabarsa. Kowane zare yana bi ta kan wani, ya shige ƙarƙashin wani, ya riƙe waɗanda ba tare suka fara ba. Zaren bai san fasalin tabarmar ba, mai saƙa ne ya sani. Wani gida a kudancin Kano da ba mu san sunansu ba sun rage tuwon 'ya'yansu a 1984, bayan shekara 32 uwar 'ya'yanmu ta rayu ta dalilinsu. Kunun da Inna ta ƙara wa ruwa kuwa, Allah kaɗai ya san gidan da yake amfana a yau. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Gaskiya ne, sai dai ba lalle a ƙofar wanda ya yi shi yake mannewa ba.

Bayan wannan muka sake karanta littafin Rut da sabon ido. Shi ma da yunwa ya fara. Na'omi da mijinta suka bar Baitalami zuwa ƙasar Mowab kamar yadda baƙinmu suka bar Dakoro. Ta binne miji da 'ya'ya maza biyu a baƙuwar ƙasa, ta dawo hannu wofi da surukarta, wadda ita ma yanzu baƙuwa ce. Cikin sura 4 na littafin ba mala'ika da ya sauko, ba abinci da ya zubo daga sama. Akwai dai wata tsohuwar doka a Littafin Firistoci sura 19, wadda ta hana manomi girbe gonarsa ƙarƙaf, ta ce a bar kala domin matalauci da baƙo. Akwai kuma wani manomi, Bo'aza, wanda ya kiyaye dokar har ya ƙara a kanta. Rut ta fita kala ba ta san gonar wa za ta faɗa ba. Daga wannan kala aka sami Obida, da Yesse, da sarki Dawuda, har sunan Rut ya shiga jerin kakannin Ubangijinmu a sura ta fari ta Matiyu. Tanadin Allah ne daga farko har ƙarshe, amma da hannun manomi ya iso.

Haka ma bisharar da muke riƙe da ita ta iso mana. A birnin Toronto na ƙasar Kanada wata uwa, Margaret Gowans, ta zauna da wani saurayi mai suna Rowland Bingham ta gaya masa nauyin da ke zuciyar ɗanta Walter saboda ƙasashenmu. A watan Disamba na 1893 su biyun da abokinsu Thomas Kent suka sauka a Ikko. Cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa a 1900 bai yi nasara ba, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahalarsa shekaru da yawa. Da wannan Littafi Baba ya koyi karatu, a hannun wani mai bishara baƙar fata da ya iso ƙauyensu da ƙafa, wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. Uwar nan ta Toronto ta ba da ɗanta, ba ta taɓa jin sunan Malumfashi ba. Duk da haka zarenta ya ratsa ta gidanmu.

Gadon da ke kusa da namu

Da mun tsaya a nan, da labarin ya ƙare da daɗi. Amma akwai saura, shi ne kuma ya fi nauyi.

A dare na uku, iyalinmu tana samun sauƙi, aka kawo wata mace daga ƙauye, ita ma jini ya ɓalle mata bayan haihuwa a gida. Aka kwantar da ita a gadon da ke kusa da namu. Mijinta da ƙanensa kaɗai suka rako ta. Jinin mijin bai dace ba. Ƙanen da ya ji za a ɗibi jininsa sai tsoro ya kama shi, ya ce zai je ya dawo, bai dawo ba. Kafin a sami wani, ta cika. Da safe muka ga mijin zaune a ƙasa a baranda, jaririn yana hannun wata tsohuwa.

Daga baya muka ji rukunin jininta. Irin namu ne, wanda ba shi da wuyar samu. A wannan dare muna kwance a kan tabarma a barandar, bai fi taku 20 daga gadonta ba, muna barcin gajiya. Ma'aikatan da ke aiki a daren ba su ne suka gwada mu ba, ba su san mu ba. Mu kuwa, da aka yi mana alheri kwana biyu da suka wuce, bai zo mana a rai mu je mu ce, “Ga mu, in an bukaci irin namu a tashe mu” ba. Mai shayi ya yi haka tun shekaru. Malamin da ke koyar da Littafi bai yi ba.

Me za mu ce wa mijin nan? Mu ce Allah ya fi ƙaunar gidanmu? Allah ya sawwaƙe. Mu ne muka yi sakaci, aka yi mana jinƙai. Asirin rai da mutuwa yana hannun Ubangiji, ba mu isa mu buɗe shi ba. Amma abu ɗaya a fili yake: jinin da matar nan take bukata Allah ya riga ya kawo shi asibitin a daren, yana cikin jikinmu. Tun daga ranar, in muka ji wani ya ce “Allah zai tanada” ya naɗe hannu, sai mu tuna barandar nan. Maganar gaskiya ce. Amma wanda ya faɗe ta ya kamata ya tambayi kansa ko shi ne tanadin da wani yake jira.

Abin da za mu iya yi

Bayan suna muka kai maganar gaban dattawan ikkilisiya, muka faɗi laifinmu a fili. Aka shirya rana, ma'aikatan asibiti suka zo suka gwada duk wanda ya yarda. Aka sayi littafi aka rubuta suna da rukunin jinin kowa da unguwarsa. Kofi ɗaya yana wurin magatakarda, ɗaya wurin shugabar zumuntar mata. Muka kuma gaya wa asibitin cewa littafin na kowa ne, Kirista ko Musulmi, ɗan gari ko baƙo. Abin mamaki, cikin waɗanda aka gwada aka sami mutum 2 masu irin jinin iyalinmu. Ɗayansu a bencin bayanmu yake zama kowace Lahadi. Da mun bi shawarar ma'aikaciyar nan, da tun kafin naƙuda mun san shi.

Mun ga tsoro ne yake hana mutane da yawa, saboda haka ga abin da muka koya. Tun 1901 wani likita a ƙasar Ostiriya, Karl Landsteiner, ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, shi ya sa dole a gwada kafin a ƙara wa wani. Rukunin ba ya bin kabila ko addini. Ɗan'uwanka na ciki ɗaya yana iya bambanta da kai, baƙo daga wata ƙasa ya dace. Mutum mai lafiya daga shekara 18, wanda nauyinsa ya kai kilo 50, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, alhali babban mutum yana da kusan lita 5 a jikinsa. Ruwan jinin yakan komo cikin kwana ɗaya ko biyu, sauran kuma cikin 'yan makonni. Namiji yana iya sake bayarwa bayan wata 3, mace bayan wata 4. Da sabuwar allura ake ɗiba, ana kuma bincika jinin saboda ƙanjamau da ciwon hanta kafin a sa wa kowa. Ba ya rage ƙarfin namiji, ba ya hana haihuwa. Mun bayar sau da yawa tun daga lokacin, ga mu muna hawan kekenmu zuwa makaranta.

Ya ku magidanta, in an gaya muku wani abu a wajen awo, ku ji. Ku san rukunin jinin matanku tun ciki yana ƙarami, ku kai su asibiti su haihu. Shiri ba rashin bangaskiya ba ne. Yusufu ya gaskata Allah, ya kuma gina rumbuna shekara 7.

Ba jini kaɗai ba ne. Wani tiyar hatsi ce tasa, wani kuɗin makarantar maraya, wani ɗakin kayan noma da za a share wa baƙo. Wani kuma sallama ce kawai. An ce zumunta a ƙafa take, mu kuwa ƙafarmu ta wuce teburin mai shayi wata da watanni ba ta tsaya ba. Ƙasarmu ta ga tashin hankali iri iri, har wasu iyaye suna koya wa 'ya'yansu su guji duk wanda ba addininsu ɗaya ba. Ba mu ce kada a yi hankali ba. Amma a gidanmu ba ma iya koyar da ƙiyayya, gama uwar gidan tana raye ta dalilin mutumin da yake salla sau 5 a yini. Mu da muka san Mai Ceto wanda ya ba da jininsa saboda mutanen da ba su san shi ba, ba su kuma roƙe shi ba, ai mu ya kamata a riƙa tasa da tsakar dare.

Mai shayi ya zama abokin gidanmu. Da Kirsimati mukan kai masa shinkafa, da Babbar Salla yakan aiko mana da nama. Mun yi hira da shi a kan bangaskiyarmu sau da dama, ya saurara da ladabi, mu ma muka saurare shi. Bayan 'yan shekaru ya ce tsohuwarsa ta gaza, zai koma gida. Wani ne yake da teburin yanzu. 'Yarmu tana makarantar da muke koyarwa, kowace shekara ranar haihuwarta mukan ba ta wannan labari. Mukan yi addu'a saboda shi, da gidan nan na kudancin Kano, da yaron Dakoro mai tabo a ƙafa, da kuma yaron da aka haifa kwana biyu bayanta wanda bai san uwarsa ba.

Muna roƙonku, a cikin wannan wata ku karanta littafin Rut tare da iyalinku a sujadar yamma, sura ɗaya kowane dare. In kun gama, kowa ya faɗi sunan mutum ɗaya da Allah ya taimake shi ta hannunsa, a yi godiya dominsa. Sa'an nan maigida ya tambaya: wa yake bukatar abin da Allah ya ajiye a gidan nan?

Ubangiji ya buɗe idanunmu, ya sa a same mu a farke ranar da za a neme mu. Amin.